Dokin da ke ƙin tashi da ƙafar hagu

Salamu alaikum 'yan uwa mahaya. In dokinka yana ƙin tashi da ƙafar hagu, wato ya sa ƙafar gaba ta hagu ta riƙa jagora a sukuwa, nawa ma ya yi min wannan halin: in muna zagaye ta hagu na nemi ƙaramar sukuwa, sai ya tashi da ƙafar dama, jikinsa duk a sandare.

Kafin ka ɗora masa laifi, sauke sirdi ka bi bayansa da tafin hannu. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, mai yiwuwa ciwo ne. A duba kofato da haƙora ma.

In lafiya lau yake, samu fili mai laushi, ka yi da'ira mai faɗin mita 20 cikin sassarfa. Tashin hagu daga ƙafar baya ta dama yake farawa, don haka ita za ka tayar: ƙafarka ta dama ɗan bayan majayi (ɗamarar da ke riƙe sirdi), ta hagu a kan majayi. Zauna daram cikin sirdi. Kada ka sunkuya, kada ka finciki linzamin hagu, nan ne yawancinmu muke ɓata shi.

Ya kuskure? Mayar da shi sassarfa a hankali, ban da bulala. Ya dace, bar shi taku goma, shafa wuyansa, ya huta. Sau huɗu a kilisa ɗaya ya isa. Nawa sai da muka yi makonni kafin ya saki jiki.