Kafin Ka Aza Harsashi a Bakin Kogi ko Tafki

Shawarata kullum ita ce: kada ka biya kuɗin fili a gefen ruwa sai ka je ofishin tsara gari na yankin. Tambayi tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da ruwa, ka nemi amsar a rubuce. Maganar dillali ba hujja ba ce.

Tazarar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar Wiskonsin ta Amurka ƙafa 75 ce, kusan mita 23. A Faransa kuwa, dokar 1986 ta hana gini cikin mita 100 daga gaɓar teku da manyan tafkuna, a wajen gari.

Inda mutane ke faɗawa shi ne wajen awo. Ba daga inda ruwa yake yau ake farawa ba, daga iyakar da ya saba kaiwa idan ya cika ne. Da rani kogi kan janye, fili ya yi kamar ya ƙaru, damina ta zo ta karɓe kayanta. Duba zanen da ruwa ya bari a jikin gaɓa da inda ciyawa ta sauya iri, sannan ka ɗauko safiyo ya kafa turaku.

Baranda ma gini ce, a sa ta cikin lissafi. Ramin masai yana da tasa tazarar daban, saboda ƙazanta na tsatsafowa cikin ruwa. Ni wannan na fi tsananta wa. In filin ya yi kaɗan, nemi izinin sassauci kafin tona rami.