Babi na 6: Wake, Gyaɗa da Sanyin Hunturu

Darasi na 1: Takin da ke jikin saiwa

Wake, gyaɗa da waken suya suna yi wa ƙasa taki da kansu. A jikin saiwarsu akwai ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Cikinsu wasu halittu ne da ido ba ya gani, su ke ɗebo naitirojin daga iska, wato sinadarin nan da kuke saye da tsada a buhun Yuriya.

Halittun nan ba sa shiri da sanyi. Sun fi aiki idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, aikinsu yakan ja baya, ganye ya koɗe, shuka ta ƙi gaba. Ba mutuwa suka yi ba.

Darasi na 2: Yadda ake duba saiwa

A nan aka fi kuskure, saboda haka mu bi a hankali. Kowa zai iya, in sha Allahu.

Idan wake ya yi sati 5 ko 6, ku zaɓi gindi ɗaya. Kada ku tumɓuke. Ku zuba ruwa ƙasa ta jiƙa, ku sa fartanya kamar taƙi ɗaya nesa da gindin, ku haƙo shi da ƙasarsa. Haƙowa, ba tumɓukewa ba. Wanda ya fizga da hannu ya bar ƙulle-ƙullen a ƙasa, sai ya zo aji ya ce, "Malam, nawa babu." Akwai, Baba, a gona ka baro su.

Ku tsoma saiwar a bokitin ruwa, ƙasar ta zube da kanta. Ku tsaga ƙulli ɗaya da farce. Ja-ja a ciki, yana aiki. Fari, bai fara ba, ko sanyi ya tsayar da shi. Kore ko ruwan ƙasa, ya gama.

Mu maimaita tare: a jiƙa, a haƙo, a wanke, a tsaga. Duk da haka sai wani ya zo da kara tsirara a hannu. Haba jama'a! Gaggawar me ake yi? A haƙo.

Darasi na 3: Lokacin shuka

Masu noman rani a Dadin Kowa da bakin kogin Gongola, ku dakata da shuka wake sai sanyi ya fara raguwa, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Kada ku ambaza Yuriya don kun ga ganye ya koɗe. Idan ta yi yawa, ƙulle-ƙullen raguwa suke. Takin Sufa, wato mai sinadarin fosfarus, ya fi musu.

Darasi na 4: Bayan girbi

Ku yanke harawa, ku bar saiwar a ƙasa.

Aikin gida: kowa ya kawo gindi ɗaya, haƙaƙƙe.