Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin ƙasar da aka ɗaure da simintin soda a fili

Simintin da ake magana a kansa ba na buhu ba ne. Toka ce ta gawayin kwal, ko dusar da ke fita wajen narka ƙarfe, ake kwaɓa ta da ruwan kostik soda da sodiyam silikat, sai ta kama ƙasa ta daskare. Tun shekarun 1950 wani masani mai suna Glukhovsky ya yi aiki a kan wannan a Kiyef ta ƙasar Yukren, amma har yau da zarar an bar ɗakin gwaji an fita fili, sai lissafi ya rikice.

Babban kuskure shi ne gaskata ɗan curin da aka gasa. A ɗakin gwaji sukan sa samfuri a tanda mai zafin digiri 60 zuwa 80, ya yi ƙarfi cikin 'yan kwanaki. Wa zai sa titi a tanda? Tokar kwal mai ƙarancin kalsiyam jinkiri gare ta a zafin gari, sakamakon kwana 7 ba ya nuna komai. A ajiye samfuri kusa da filin, rana da sanyin dare su same su tare, a auna a kwana 28, a sake a kwana 90.

Sai ruwa. Mutum ya auna laimar da ƙasa ke bukata kafin a danne ta, ya manta ruwan sodar ma ruwa ne, ya ƙara na tanka. Rola na hawa, ƙasa na lotsawa kamar katifa. A debe ruwan sodar daga yawan ruwan da za a ƙara tun farko.

Sodar kuwa, idan ta narke zafi take yi sosai. A haɗa ta tun jiya ta huce. Masu sabulu sun san ƙa'idar: soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba. Safar hannu da tabarau dole ne.

In akwai dusar ƙarfe a haɗin, da wuri yake kamawa, kada a kwaɓa fiye da abin da rola za ta gama dannewa. Bayan nan a rufe da leda, musamman da hunturu. In an bar shi a buɗe, sai ka ga farin gari ya fito a sama kamar kanwa, ga tsagewa.

Masu son amfani da tokar buntun shinkafa a haɗin su lura: sinadarin silika ne ya cika ta, sinadarin alumina da haɗin ke bukata kuwa kaɗan ne, sai an haɗa da ƙonannen yumɓu. In kuma wutar ƙona buntun ta wuce digiri 800, aikin tokar na raguwa sosai.