Yadda ake kwaikwayon tafiyar zafi a ruwan nano da kwamfuta

Ruwan nano shi ne ruwa ko mai da aka zuba wa ƙwayoyin da girmansu bai kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), irin su alumina, wato haɗin alminiyam da iskar oksijin, don ya fi saurin kwashe zafi. Stephen Choi na cibiyar Argonne a Amurka ne ya raɗa masa suna a 1995. Kafin a kashe kuɗi a ɗakin gwaji, akan fara gwada shi a kwamfuta.

Da farko zaɓi manhaja. ANSYS Fluent da COMSOL na kuɗi ne, OpenFOAM kuwa kyauta, sai dai tana son haƙuri. Zana miƙaƙƙen bututu, ka sa yawan zafin da ke shiga ta bangonsa ya zama daidai wa daida a ko'ina, sannan ka yanka cikinsa zuwa ƙananan gidaje kamar raga. Matse ragar kusa da bango, don nan ne zafi ke sauyawa da gaggawa.

Kada ka zuba ƙwayoyin tukuna. Fara da ruwa zalla, lambar Reynolds (mai nuna ko ruwa na gudu a natse ko a hargitse) ƙasa da 2300, wato a natse. Can nesa da bakin bututun, lambar Nusselt (mai auna yadda ruwan ke kwashe zafi daga bango) dole ta zauna a 4.36. In ba ta zauna ba, gyara na wurinka: ko ragar ta yi faɗi, ko bututun ya yi gajarta. Ɗalibai da yawa kan tsallake nan don ɗokin ganin hoto mai launi, alhali kwamfuta ba ta gardama, abin da ka ba ta shi za ta zana maka. Ninka gidajen ragar ka sake, har amsar ta daina motsi.

Yanzu lissafa halayen gaurayen. A ce alumina kashi 2 cikin 100 na cikin bututun. Mita kubik ɗaya na ruwa kilo 998 ne, na alumina 3970, gaurayen ya kama kusan 1057. Zafin da kilo ɗaya ke iya riƙewa yana sauka daga 4182 zuwa wajen 3930. Dabarar lissafi ta Maxwell ta ba da ƙarin isar da zafi na kusan kashi 6 cikin 100, ta Einstein ta ba da ƙarin kauri na kashi 5 cikin 100, kodayake a awo na zahiri kaurin kan wuce haka. Shigar da waɗannan adadi a manhajar, kamar gaurayen ruwa guda ne. In kana son ganin yadda ƙwayoyin ke gudun bango mai zafi, sai ka koma tsarin lissafi na Buongiorno na 2006, wanda ke bin motsin ƙwayoyin a cikin ruwan.

Wajen kwatanta sakamako ne ake yawan zamewa. In ka daidaita lambar Reynolds a ruwa zalla da ruwan nano, mai kaurin na iya gudu fiye da ɗan'uwansa, sai ka ɗauka ƙwayoyin ne suka yi aikin. Ni dai na fi yarda da kwatanci a kan wutar da famfo ke ci. Fitar da faɗuwar matsi tsakanin mashiga da mafita, ninka ta da yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa, ka ajiye wannan adadi, wato ƙarfin da famfo ke bukata, gefen zafin da aka kwashe a teburi ɗaya.