Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Kansil ta Aikin Jinya

Takardar kammala kwalejin jinya, ko digirin jami'a, ba ta ba mutum izinin taɓa majinyaci da sunan nas. Izinin yana hannun Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, wadda doka mai lamba 89 ta 1979 ta kafa. Sai ka ci jarrabawarta, wadda ɗalibai ke ce wa Kansil, sannan ta yi maka rajista ta ba ka lasisi. Ta nas-nas ana yin ta a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozomomi kuwa a Maris da Satumba. Akwai tambayoyin zaɓi da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma gwajin aikin hannu da ake kira OSCE. Abin da ake son ganewa a duka biyun ɗaya ne: in an bar ka kai kaɗai a ɗakin marasa lafiya da tsakar dare, likita ba ya kusa, majinyaci zai kai safiya ba ka cutar da shi ba?

Kafin littafi, fara da takardu. Makaranta ce ke miƙa sunanka ga hukumar, don haka ka je ofis da ƙafarka ka ga lambar da aka ba ka ta ɗalibta. Duba yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka, ka gwada su da abin da ke takardar WAEC ko NECO da lambar NIN. Wanda yake Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, zai sha zirga-zirga ranar rajista. Littafin ayyukan asibiti ya zama an sa hannu a kowane aiki, kundin bincike da rahoton majinyacin da ka bibiya su zama a kammale. Jarrabawar share fage da makaranta ke yi kafin Kansil ita ma kada ka raina ta, ita ce ke nuna maka inda rufinka ke yoyo.

Mako goma sha biyu sun isa idan an raba su da hankali. Shida na farko na bitar darussa ne, kuma kaso mafi tsoka na jinyar cututtuka da tiyata ne, domin ilimin sassan jiki da na magunguna duk a cikinta suke ɓuya. Karanta su tare. Ranar da ka ɗauki zuciya, ka bi gininta, ka bi hawan jini da gazawar zuciya, ka bi magungunansu, ka rufe da tsarin kula da mai wannan ciwo. Lafiyar uwa da jariri, lafiyar al'umma, taɓin hankali, da ƙa'idojin aiki su biyo baya. Mako huɗu na gaba na amsa tambayoyi ne da agogo a gefe. Biyun ƙarshe na aikin hannu ne da toshe ɓaraka.

Cututtukan da ka saba gani a asibitocinmu su ne ya kamata ka fi ƙwarewa a kansu: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, amai da gudawa, sanƙarau, tarin fuka, zazzaɓin Lassa, jijjigar masu ciki, zubar jini bayan haihuwa, yoyon fitsari, da tamowa.

Tambayoyin kwamfuta

Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma haddace amsarsu tarko ne. Yawancin waɗanda ke yawo a WhatsApp ɗalibai ne suka rubuto su da ka, kuma amsoshin da aka maƙala musu ba duka ne daidai ba. Duk tambayar da ka faɗi, buɗe littafi ka gano dalili, ka rubuta shi layi ɗaya a wani ɗan littafi na daban. Wannan ɗan littafin shi za ka karanta a makon ƙarshe.

Jarrabawar da Turanci ake yin ta, kuma kalma ɗaya kan juya tambaya gaba ɗaya. In ka ga "except" ko "not", amsar da ba daidai ba ake nema. In ka ga "first" ko "priority", to wataƙila zaɓin huɗun duk daidai ne, wanda za a fara yi ake tambaya. A nan ka bi jerin da aka koya maka: hanyar iska, numfashi, sannan gudanar jini. Ga misali. An fito da mutum daga tiyata, yana minshari mai ƙarfi, bandejinsa ya ɗan jiƙe da jini, fitsarinsa ya yi kaɗan. Ido zai tafi wurin jinin, amma minsharin ne zai fara kashe shi, domin harshe ne ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Haka kuma, dubawa tana gaba da aikatawa: in tambaya ba ta nuna an auna majinyaci ba, zaɓin da ya ce a auna shi yakan fi ƙarfi. "Kira likita" kuwa ba ya zama amsa matuƙar akwai abin da nas zai iya yi nan take.

Wanda bai saba da kwamfuta ba ya nemi wurin da zai zauna gabanta sau uku ko huɗu kafin ranar. Latsa waya daban, riƙe linzamin kwamfuta ana ƙirga maka lokaci daban.

Lissafi

Nan ne ake zubar da makin da bai kamata a zubar ba, alhali ƙa'ida biyu ce kacal. Ta magani: abin da aka rubuta, a raba da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan. Yaro mai kilo 12 aka rubuta masa farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, ka ga 180 ke nan. Kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mililita 5. Raba 180 da 120, ka ninka da 5, ka sami mililita 7.5.

Ta ƙarin ruwa: yawan ruwa a ninka da ɗigon robar, a raba da mintoci. Mililita 1000 cikin awa 8, da roba mai ɗigo 20 a kowace mililita: 20,000 a raba da 480, ɗigo 42 a minti. Masu faɗuwa a nan mantawa suke su mai da awa zuwa minti, ko su ɗauka kowace roba 20 ce, alhali ta yara 60 ce. Sauran kuskuren na ma'auni ne: giram ɗaya miligiram 1000 ne, miligiram ɗaya maikirogiram 1000. In amsarka ta ce ka ba jariri mililita 75, tsaya, ɗigon lissafi ya zame. Yi lissafi biyar kullum bayan sallar asuba, da biro da takarda.

Akwai alƙaluman da ba makawa sai an haddace su. Bugun jinin babba 60 zuwa 100 a minti, numfashinsa 12 zuwa 20. A gwajin jini, fotasiyam 3.5 zuwa 5.0, sodiyam 135 zuwa 145. Fitsarin babba kada ya gaza kimanin mililita 30 a awa. Ma'aunin Glasgow, na auna yadda majinyaci ke cikin hayyacinsa, daga 3 zuwa 15 ne, 8 zuwa ƙasa haɗari ne. Wurin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, danna ƙirji 30, hura iska 2. Damtsen yaro ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Kowane magani mai haɗari ka san makarinsa: naloxone ga morphine, protamine ga heparin, bitamin K ga warfarin, calcium gluconate ga magnesium sulphate. Digoxin kuwa ba a ba babba sai an ƙirga bugun zuciyarsa minti ɗaya cur, in ya gaza 60 a dakata a sanar.

Gwajin aikin hannu

Tashoshi ne a jere, kowace da mintoci ƙalilan, ƙararrawa na bugawa ka matsa ko ka gama ko ba ka gama ba. Mai jarrabawa yana riƙe da jerin matakai yana yi musu alama, kuma abin da bai gani ba ko bai ji ba, ba a yi shi ba. Saboda haka bakinka ya riƙa faɗin abin da hannunka ke yi. Karanta umarnin tashar har ƙarshe tukuna. In an ce auna bugun jini da numfashi, kada ka ɓata lokaci wurin neman ma'aunin zafi.

Makin farko da na ƙarshe kusan iri ɗaya ne a kowace tasha, kuma su aka fi mantawa. Yi gaisuwa, faɗi sunanka, tabbatar da sunan majinyaci da katinsa, bayyana abin da za ka yi, nemi izini, ja labule, wanke hannu. Ko mutum-mutumin roba ne a kwance, ka ce masa, "Sannu Baba, zan duba ciwon nan in sauya bandeji, ka amince?" Wankin hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne. In ka gama, gyara masa kwanciya, yi godiya, jefa allura a akwatin ƙarafa ba tare da mayar mata da murfi ba, sake wanke hannu, rubuta abin da ka yi da lokaci da sa hannu.

Wurin wankin ciwo, kaya masu tsabta a saman tiroli, sauran a ƙasa. Auduga ɗaya shafa ɗaya, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. Idan safar hannunka ta taɓa gefen gado, kada ka yi kamar ba a gani ba, an gani. Ka ce ta gurɓata, ka sauya. Asibitocin da aka yi aikin koyo a cikinsu sukan koya wa hannu gajeriyar hanya saboda ƙarancin kaya da yawan jama'a. A nan hanyar littafi ake so. Maganinta ku haɗu ku uku, ɗaya nas, ɗaya majinyaci, ɗaya mai jarrabawa da agogo da takardar matakai, kuna juyawa har hannu ya saba.

Daren jarrabawa goge yunifom, yanke farce, cire zobe da awarwaro, ajiye agogo mai hannun daƙiƙa tare da katin shaida da takardar shiga, ka kwanta da wuri. Masu shan shayi mai kauri su kwana karatu su ne ke karanta tambaya sau uku ba su gane ta ba.

In sakamako ya fito, rajista da lasisi ne ke gaba, kuma lasisin lokaci-lokaci ake sabunta shi bayan halartar kwas na ƙarin ilimi da hukumar ta wajabta. Masu digiri akwai shekarar horon asibiti a gabansu kafin bautar ƙasa. Wanda kuma bai ci ba, ya koma makaranta ya tambayi ɓangaren da ya faɗi da ranar rufe rajistar zama na gaba, domin tsakanin Mayu da Nuwamba wata shida ne, kuma jiran sakamako ya riga ya cinye wani abu a ciki.