Yadda ake samun ƙwarin gwiwar fara motsa jiki don rage ƙiba a Yamai

Yawancin masu son rage ƙiba suna zaman jiran ranar da za su tashi da sha'awar motsa jiki, ranar kuwa ba ta cika zuwa ba. Sha'awa bayan fita take zuwa. Sai mutum ya yi kamar sati biyu yana takawa, barcinsa ya gyaru, haki ya ragu, sannan jiki ya fara neman fitar da kansa. Aikin da ke gabanka shi ne ka shirya waɗannan makonni na farko ta yadda ko da ƙiuya ta zo, za ta tarar ka riga ka ɗaura takalmi.

Ka fara da dalilin da ya taɓa ka kai tsaye. "Ina son in rame" ba ya tayar da kowa daga shimfiɗa. Amma gwiwar da ke ciwo wajen tasowa daga sujada, ko hawan jinin da aka auna maka, ko ciwon sukari da ya kama mahaifi ko mahaifiya, waɗannan suna tayarwa. Je asibitin unguwarku ko farmasi a auna nauyinka da jininka, ka rubuta. Ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugu daidai cibiya, bayan ka saki numfashi: ana son kada ya wuce rabin tsawonka, wato mai tsawon santimita 170 kada ƙugunsa ya haura 85. Burin farko kuma ya zama ƙarami. Rage kashi 5 cikin 100 na nauyi, kilo 4 da rabi ga mai kilo 90, ya isa ya taimaka wa hawan jini da sukari. Mai ciwon zuciya, mai sukarin da ke shan magani ko allura, mai hawan jini da mace mai ciki, su ga likita tukuna.

Sai lokaci, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Wanda ya ce "zan fita in na samu sarari" ba zai fita ba. Ka ɗaura tafiyar a kan abin da ba ka fasawa. A Yamai babu kamar bayan sallar asuba: ka riga ka tashi, gari da sanyi, motoci ba su cika hanya ba. Daga masallaci ka zarce, domin wanda ya koma ɗaki "ya ɗan kishingiɗa" ya gama. Takalmi, safa da kwalbar ruwa a ajiye su bakin ƙofa tun da dare, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda safiya ba ta yi masa ba ya ɗauki bayan la'asar sakaliya, amma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada a yi wasa da rana: kafin ƙarfe 7 na safe ko bayan magariba. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, mai asma ya yi nasa a cikin gida.

Wuri ya kasance kusa. Kewayen filin wasa na Janar Seyni Kountché da bakin kogi ta Yantala ko Gamkale suna da daɗin tafiya, amma wanda yake Talladje ko Lazare, in sai ya hau kabu-kabu kafin ya fara, kuɗin mota da nisa za su kashe niyyar cikin sati ɗaya. Layin unguwa ya wadatar. A bar wuraren nesa don Asabar ko Lahadi.

Game da yawan tafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babban mutum shawarar minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Can ake son kaiwa, ba daga can ake farawa ba. Satin farko minti 10 kawai, kwana biyar. Za ka ga kamar wasa ne, haka ake so, don abin da ba shi da wuya ba a neman uzurin gudunsa. Kowane sati ka ƙara minti 5, a sati na biyar ka kai minti 30, sau biyar kuwa 150 ke nan. Mintocin farko a taka a hankali har jiki ya ɗumama, sannan a ƙara sauri zuwa inda za ka iya magana da abokin tafiya amma ba za ka iya rera waƙa ba. In magana ta gagara, ka rage. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu, gwiwa da idon sawu ne za su biya.

Na tsoka ba ya buƙatar ƙarfe. Zauna a kujera ka tashi sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba, ka dafa bango ka tura jikinka sau 10, ka ɗaga kwalba biyu na lita ɗaya da rabi cike da ruwa sau 10. Huta, ka maimaita.

Ka nemi abokin tafiya mutum ɗaya wanda kake jin nauyinsa. Sanin cewa wani yana tsaye a ƙofar gida yana jiranka ya fi kowace nasiha aiki. Ƴan fada ɗaya za su iya yin zagayen minti 20 kafin a ɗora shayi. Mata biyu ko uku maƙwabta su haɗu bayan an sallami yara makaranta. Wadda fita ke mata wuya ta zagaya tsakar gida, ko ta raba tafiyar minti goma-goma sau uku a yini, duk lissafi ɗaya ne. A rataye kalanda a bango, kowace fita a yi mata alama da biro.

Yanzu ga abin da ya fi kashe gwiwa: sikeli. Mutum ya yi sati uku yana zufa, ya hau, ya ga bai motsa ba, ya ce aikin banza ne. Lissafin ne ba a faɗa masa ba. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, tafiyar minti 30 da sauri kuwa ga mai kilo 80 tana ƙona kamar 150 zuwa 180. Kusan fita 50 ke nan kafin kilo ɗaya ya tafi, in ci bai canza ba. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 33 tana da sukari wajen giram 35, ta kusa mayar da duk abin da aka ƙona. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne. Saboda haka dole tafiya ta haɗu da gyaran kwano: a rage sukarin shayi da na zoɓo da fura, a rage man miya da farimasa, a rage tulin shinkafa, a ƙara zogale, wake da kabeji. Da haka rabin kilo a sati abu ne mai yiwuwa, kuma ya isa. Sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin karin kumallo, tef kuma sau ɗaya a wata. Sau da yawa wando ne ke fara ba da labari kafin sikeli.

Ciwon cinya da ƙwauri bayan kwana ɗaya ko biyu tsoka ce ke sabawa, yana wucewa cikin ƴan kwanaki, kuma tafiya a hankali tana sassauta shi. Ciwo mai suka a cikin gwiwa ko diddige daban ne, galibi silifas ko ƙara nisa da gaggawa ke kawo shi. A huta, a nemi takalmi mai taushin ƙasa. Masu naɗe ciki da leda ko sa rigar sanyi don su yi zufa ruwa kawai suke zubarwa, da sun sha ya dawo, a zafin Yamai kuma hakan na iya kayar da mutum. In fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi kaɗan a jiki.

Za a fasa wata rana, saboda biki, rasuwa ko ruwan sama. Dokar ita ce kada a fasa sau biyu a jere. Washegari a fita ko minti 10 ne. Za a kuma ji magana, musamman mata, tunda har yanzu ana ɗaukar ƙiba alamar hutu: "Lafiya kike ramewa?" Amsa gajera ta isa: "Likita ne ya ce in taka saboda jini." Da azumi a mayar da tafiyar bayan shan ruwa da kamar awa ɗaya ko bayan asham, a rage sauri.

In ana cikin tafiya aka ji nauyi ko ciwo a ƙirji, jiri, bugun zuciya ba daidai ba, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan an tsaya, a zauna a inuwa nan take, a kira wani ya kai mutum asibiti a ranar.