Yadda ake samun kulob ɗin masu jirgin roba a Amurka da Ingila

Jirgin roba ɗan jirgin sama ne na wasa, na katakon balsa mara nauyi da takarda mai shara-shara, murɗaɗɗiyar roba ce ke juya masa farfela. Ba batir, ba rimot; da ka sake shi, sai inda iska ta kai shi. Shi ya sa ba kowane kulob ne zai yi maka rana ba.

A Amurka ka fara da Academy of Model Aeronautics, babbar ƙungiyar masu ƙananan jiragen wasa, wadda aka kafa a 1936, hedikwatarta tana Muncie a jihar Indiyana. Tana da jerin kulob-kulob na kowane yanki. A Ingila ƙungiyar British Model Flying Association (BMFA) ce ke wannan aikin. Sai dai yawancin kulob-kulob ɗin na masu jirgin rimot ne, kuma filinsu yakan yi wa jirgin roba kaɗan. Don haka ka tambayi sakatare kai tsaye ko suna yin "free flight", sunan da ake kiran wannan fanni ke nan. In ya ce a'a, a Amurka nemi ƙungiyar National Free Flight Society ko Flying Aces Club, su ne 'yan hannu. Lokacin sanyi wasu kan kama zauren wasanni na makaranta. Tambayi tsayin rufin, da ko ana kashe fanka, domin iska kaɗan ta isa ta kifar da jirgi mara nauyi.

Ka je da sassafe kafin iska ta taso, kuma ka yi rajista tukuna, saboda galibin filaye sai mai inshorar ƙungiya.

Cikin ajujuwan jirgin roba, ajin P-30 ya fi dacewa da sabon shiga: fuka-fuki kada su wuce inci 30, roba giram 10, farfelar filastik. Shafa wa robar man silikon, ka ja ta ta miƙe sosai, sannan ka murɗa da na'urar murɗi kana matsowa a hankali. Busasshiyar roba, ko wadda ta sha rana, tsinkewa take yi a cikin jirgin ta yaga takarda. Kada ka cika murɗi a tashin farko. In jirgin yana ɗaga hanci yana faɗowa, ƙara ɗan nauyi a gaba.

Rubuta sunanka da lambar waya a jikinsa, ka kuma roƙi wani ya nuna maka yadda ake saita abin ɗaga jela da ke sauko da shi bayan kamar minti 2. In babu wannan, iska mai ɗumi takan ɗauke jirgi har ya ɓace.